Kunnen Jita da Kunnen Tawada

"Na ce maka kunne ne," in ji Tawada. "Tun ɗazu abin da nake faɗa ke nan."

"Ni kuma tun ɗazu kunnuwan nake murɗawa, Yaya, ɗaya bayan ɗaya. Ga su nan su shida. Babu wanda ya cinye, babu mai santsi. In waɗannan ne suka lalace, to gara in rufe shago in koma sayar da rake."

"Da ka fi amfani a can."

"Na gode. Matsa, ka tare mini haske."

Dalma ƙanen matar Tawada ne, kuma shi ke gyaran sifika da amfilifaya da duk wani abin kiɗa mai cin wuta a wannan layi. Shagonsa ɗan tsukuku ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo gaisuwa. Dalmar da yake narkawa yana liƙe wayoyi da ita, ita ta ba shi suna, har ƙaurinta ya kama rigunansa. Jitar tana kwance rigingine a kan teburinsa bisa wani tsohon tawul. Jita ce mai lantarki, ja ce a da, amma duk inda hannu ke gogarta ta koma launin bulo. A can samanta akwai 'yan ƙarafuna da ake murɗawa a ja tsirkiya ko a sassauta ta, su makaɗa ke kira kunnuwa, kuma su Dalma yake ta bi.

Shi kuwa Tawada ba su yake nufi ba. Kunnen da yake magana a kai yana nan manne a gefen kansa, ƙarƙashin hula. Da haka ya fito daga gida, da niyyar ya faɗa wa wani cewa yana tsoron kunnensa ya fara mutuwa. Amma da ya ga Dalma ya ɗauki maganar ya ɗora wa jita, sai ya bar shi a haka. Ya fi sauƙi a ce ƙarfe ne ya gaza.

Dalma ya sa babban yatsa ya ɗaga tsirkiyar da ta fi kauri, ya sake ta, ta yi wani gurnani.

"Kai! Wannan tsirkiya ce ko wayar burkin keke? Wa ya ce ka ɗaura mata waɗannan?"

"Ni na ce."

"Tun ina ɗan makaranta na san jitar nan da sirara kamar gashi. Yau kuma da furfura ta fara fito maka za ka koma igiyar shanya? Me ta yi maka?"

Tawada ya sa hannu a aljihu, ya zaro wani guntun bututun ƙarfe mai sheƙi, ya zura shi a ƙaramin yatsansa na hagu, ya ɗaga wa Dalma.

"Wannan ne ya jawo."

Tawada mai tuƙa injin buga takardu ne. Tun yana saurayi ya shiga maɗaba'a, ya fara da ninke takarda da shara, har ya kai ga tsayawa gaban babban injin da ke bayan ɗaki, kuma bai ƙara matsawa daga nan ba. Baƙin da ke ƙarƙashin farcensa ya fi ƙarfin kowane sabulu. 'Yarsu ta fari tana ƙarama ta taɓa riƙe hannun wani baƙo ta juya shi, ta tambaye shi ko ba shi da 'ya'ya ne, don ta ɗauka duk uba baƙin farce gare shi.

Da kunne yake tuƙa injin nan. Sauran ma'aikata sukan tsaya suna kallon takarda tana fita, shi kuwa yakan ba injin baya yana dama tawada. In takarda biyu suka shiga a manne, kafin ido ya gani ya ji numfashin injin ya sake, ya miƙa hannu ya tsayar. In wani wuri yana son mai, shi ke fara sani.

Sai kuma wata ɗabi'a da duk dangi suka san shi da ita: ba ya iya ganin abu a rufe. Agogon bango, dutsen guga, fanka, makullin ƙofa, duk sun sha buɗewa a hannunsa, ba don sun lalace ba, sai don ya ga me ke ciki. Yawancinsu yakan mayar su ci gaba da aiki. Agogon ne dai bai ƙara motsi ba. Ran da ya kwance keken ɗinkin matarsa ya baje shi a kan tabarma, alhali tana da ɗinkin mutane, ya ci abincinsa ba tare da an ce masa sannu ba. Tun daga ranar, in ta sayo sabon abu, sai ta ɓoye sukuddireba kafin ta fito da shi daga kwali.

Abu ɗaya ne ya tsira daga hannunsa, jitar nan. Ya same ta yana matashi daga wani makaɗi da zai bar gari, ya koyi kiɗa da sauraron rediyo, har suka haɗa wata 'yar ƙungiya da abokai suna yi wa mutane wasa a ƙarshen mako. Aure da aiki suka ɗauke abokan ɗaya bayan ɗaya, aka bar shi da jita da wata 'yar amfilifaya mai kama da akwatin takalmi. In ya taso aiki ya yi wanka, yakan zauna a baranda ya kaɗa kafin a kawo abinci. Yakan goge ta, yakan sauya tsirkiya in ta tsinke, irinta sak, amma bai taɓa kai mata sukuddireba ba. Agogon nan bai bar zuciyarsa ba.

Saiti kuwa da kunne yake yi, kuma yana alfahari da haka. Lokacin da 'yan na'urorin saiti suka yawaita, waɗanda ake maƙalawa a kan jita su nuna koren haske in tsirkiya ta zauna daidai, Dalma ya ba shi ɗaya kyauta. Ya mayar masa, ya ce wannan ai na'urar kurame ce.

Shi bututun ƙarfen daga jikin injin ya fito. Wata rana makanike ya zo ya sauya shi da sabo, ya jefar da tsohon a kan benci. Tawada ya ɗauka yana juyawa kamar yadda yake yi wa komai, ya zura a yatsa. Can ya je ɗaga wani ɗaurin takarda da aka ɗaure tamau da waya, sai ƙarfen ya goga a kan wayar, ya zame. Wayar ta yi kuka, wani kuka da ya taso daga ƙasa ya hau sama ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Tawada ya ajiye ɗaurin, ya sake gogawa, ya sake. Ya sha jin irin wannan kiɗa a rediyo, jita tana jan murya kamar mutum, amma ya ɗauka wata na'ura ce ta musamman ke yi. Ashe guntun ƙarfe ne a yatsa.

Da yamma ya gwada a baranda. Matarsa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Baban yara, kyanwar wa ta faɗa rijiya?" Bai kula ta ba, don abin da ya gano ya ɗauke masa hankali. A wuyan jita akwai 'yan ƙarafuna a jere a gicciye. In ka danna tsirkiya da yatsa, ƙarfen ne ke yanke muryar da za ta fita, ko da yatsan ya ɗan kauce. Duk tsawon rayuwarsa hawa yake yi daga wannan mataki zuwa wancan, yana tsallake abin da ke tsakani. Yanzu da bututun ke zamiya a saman tsirkiya, sai ya ga ashe tsakanin kowane mataki da na gabansa akwai fili, cike da muryoyin da bai taɓa taɓawa ba. Sai dai a wannan fili babu ƙarfen da zai ce maka ga inda za ka tsaya. Kunne ne kaɗai.

Ya yi ta yi har kyanwar ta fito daga rijiya, har wani lokaci yakan ji keken ɗinki ya yi shiru a ɗaki. Abin da ya hana shi sakewa shi ne sirarran tsirkiyoyin. Ba su iya ɗaukar nauyin bututun, sai su lotsa, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe, ƙwas, ƙwas, a tsakiyar kiɗa. Ya zauna ya yi tunani irin nasa. Wayar ɗaurin takarda ba ta lotsa ba, saboda tana da kauri kuma a miƙe take tamau. Sai ya je ya sayo mafi kaurin da ya samu, ya kwance tsofaffin gaba ɗaya, ya ɗaura sababbi.

Daga nan abin ya ɓaci. Ya saita ta farko, ta zauna. Ya saita ta biyu, ta uku, har ta shida. Da ya dawo kan ta farko sai ya ji ta sauka. Ya ɗaga ta, sai ta biyun ta sauka. Ya bi su ya zagayo, ya sake zagayowa, kamar mai korar kaji, kana tare wannan waccan tana ficewa. Ya san sabuwar tsirkiya takan ɗan miƙe kafin ta zauna, sai ya bar ta ta huta. Ya dawo ya tarar da abin yana nan. Can yana riƙe da kunnen jita sai wani tunani ya sauko masa: to in tsirkiyoyin suna zaune lafiya fa, nasa kunnen ne ke yawo?

Ya kira matarsa ya kaɗa mata, ya ce yaya ta ji. Ta ce ita duk ɗaya take ji. Ta zagaya ta hagunsa za ta ɗauki tsintsiya, ta ƙara faɗar wani abu da bai kama ba. Bakinsa ya riga shi, ya yi murmushi ya ce, "Haka ne."

Muryar babansa ce ya ji ta fito daga bakinsa. Tsohon a wurin injin niƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, kuma a ƙarshe ba abin da ya rage masa sai wannan murmushi da wannan kalma. A ce masa ina kwana, haka ne. A tambaye shi ina ya ajiye makulli, haka ne, haka ne. Yara su yi ta dariya a bayansa, shi ma ya taya su. Tawada ya jingine jitar a bango, bai ci abinci da kirki ba. Washegari ya naɗe ta a zane ya tafi da ita wurin aiki, da hutun rana ya yi ya nufi shagon Dalma.

Dalma ya gama da kunnuwan, ya share hannu a wando. Ya ɗaga jitar da hannu biyu ya daidaita ta da idonsa, ya rufe ido ɗaya yana leƙen ta daga gindi zuwa wuya, kamar mai duba ko katako ya karkace. Sai ya fashe da dariya har jitar na rawa.

"Yaya, zo ka ga jakinka."

Jaki shi ne farantin ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai a gindin jita. Tawada ya sunkuya ya daidaita idonsa da na Dalma. Gaban jakin yana zaune, amma bayansa ya ɗaga sama, har ana iya zura yatsa a ƙarƙashi.

"Ka ga yadda ya ɗaga gindi? Tutsu yake yi maka. Ka lafta masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kana ta murɗa kunne, shi kuma yana ta ɗagawa."

"Shi jakin ba a kafe yake ba?"

"Irin wannan a'a. Ja-in-ja ne. Tsirkiya na jan shi ta gaba, sifirin, wayar nan mai murɗe-murɗe, na jan shi ta baya. Muddin ƙarfinsu ɗaya, sai ya zauna. Kai kuwa ka kawo ƙattai ka haɗa su da sifirin ɗin da ya saba da 'yan mata. Duk wadda ka ja, sai jakin ya ƙara tashi, sauran biyar su saki. Ko za ka shekara kana zagayawa ba za ta zauna ba."

"Wane sifirin?"

Dalma ya sauke jitar a hankali, ya kalle shi baki buɗe.

"Tsaya. Kai ɗin da ka kwance keken ɗinkin yayata har ta zo gida tana kuka? Kai da ka kashe agogo da ransa? Kana nufin ba ka taɓa buɗe bayan jitar nan ba?"

"Na ɗauka wayoyin wuta ne a ciki."

"Wallahi yau sai na ba da labari."

Ya kife jitar a kan tawul. A bayanta akwai wani farin murfi na roba, ya yi rawaya, kan bel ɗin Tawada ya kakkarce shi. Dalma ya zaro sukuddireba, har ya kai hannu, sai ya fasa, ya juya ƙotar ya miƙa wa Tawada.

"Kai za ka buɗe. In na riga ka gani ba za ka yafe mini ba."

Gumin shekaru ya sa kusoshin sun yi tsatsa, sai da ya danna da ƙarfi kafin suka yarda. Ya jera su a gefe yadda ya ciro su. Ya sa farce ya ɗaga murfin. Wani rami ne a sassaƙe a cikin katako, da ƙura, da busasshen kyankyaso ɗan mitsitsi a lungu. Sifirin biyu ne kwance a ciki, sun miƙe har ana ganin haske tsakanin zobbansu. Ɗaya bakinsu a maƙale da wani ƙarfe da ya leƙo daga ƙarƙashin jakin, ɗaya bakin kuma a maƙale da wani abu mai kama da farcen kaza, wanda dogayen kusoshi biyu suka riƙe a jikin katako.

Tawada ya zura hannu ta ƙasa ya danna jakin, sifirin suka tsuke. Ya saki, suka miƙe. Ya sake dannawa.

"Kai, numfashi suke yi!"

"To sai ka ba su ruwa."

Tawada ya sa farce ya taɓa sifirin ɗaya, ya yi wata ƙara mai doguwar wutsiya, kamar an yi magana a ɗakin da babu kaya. Tawada ya ɗago.

"Ashe su ne. Shekara da shekaru ina jin wannan a bayan kiɗa in na kashe tsirkiya, na ɗauka amfilifaya ce ke tsufa. Ashe suna nan a jingine da cikina ban sani ba. In an ƙara na uku muryar za ta sake? In aka cire su duka fa?"

"In aka cire su duka jakin zai tashi ya mare ka. Riƙe nan."

Dalma ya zazzage wani gwangwani, ya tono sifirin ɗaya, ya maƙala shi tsakanin biyun, ya ja shi da filaya har ya shiga. Ya ɗaure dogayen kusoshin nan kaɗan-kaɗan, wannan ya juya, wancan ya juya, Tawada yana leƙawa ta ɗaya gefen yana ba shi labarin jakin yana sauka. Da ya zauna daram a jikin katako, Dalma ya juyo da jitar. Ya ɗauki wani siririn zarto ya ɗan faɗaɗa tsagogin da tsirkiyoyi ke bi a saman wuya, don masu kaurin suna maƙalewa, ya goga bakin fensir a ciki su yi santsi. Tawada ya tambayi me ya sa fensir ba mai ba, ya tambayi ko wuyan zai lanƙwashe da wannan nauyi, ya tambayi wa ya fara tunanin sa wa jita sifirin. Dalma ya amsa biyu, ya ce na ukun ya je ya tambayi mai shi.

Ya jona jitar da wata amfilifaya, ya ɗora masa ita a cinya.

"Shi ke nan. Saita abarka."

Tawada ya kai hannu ga kunnen farko, ya tsaya. Duk murnar da ke fuskarsa ta janye. Yanzu babu sauran jakin da za a ɗora wa laifi.

"Ba ni 'yar na'urar nan taka," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Wacce? Ta kurame?"

Dalma ya faɗa ne yana dariya, amma ya ga ba a taya shi ba. Ya kalli surukinsa, ya kalli hannunsa a kan kunnen jitar. Ya jawo kujera da ƙafa ya zauna.

"Yaya, wane kunnen kake faɗa mini tun ɗazu?"

Tawada ya faɗa masa, a gajarce, yana kallon farcensa. Yadda ya yi ta zagayawa, da tunanin da ya sauko masa, da abin da bakinsa ya ce wa matarsa. Dalma ya san tsohon, bai buƙaci ƙarin bayani ba. Ya buɗe durowa ya ɗauko na'urar, ya maƙala ta a kan jitar, amma sai ya juya fuskarta ta kalle shi shi kaɗai.

"Ta farko ni zan ba ka. Sauran kai da kunnenka, ni kuma ina kallon wannan. Kuma ba zan rufa maka asiri ba, son da nake maka bai kai nan ba."

Ya saita mai kaurin da kansa, ya janye hannu. Tawada ya rufe ido. Ya kaɗa ta farko da ta biyu tare, ya ji muryoyin suna karo da juna, wau, wau, wau. Ya murɗa a hankali, karon ya yi ta raguwa har ya kwanta, suka zama ɗaya. Ya wuce ta uku, ta huɗu. A kan ta biyar ya tsaya, ya saki kunnen kamar ya gama, sai kuma ya karkata kai, ya koma ya taɓa shi kaɗan, abin da bai kai kaurin takarda ba. Ya ji Dalma ya saki numfashi. Da ya gama ta shida ya dawo kan ta farko. Tana nan inda aka bar ta.

"Sa ƙarfen," in ji Dalma. "Taso daga ƙasa ka tsaya inda ka ga dama, amma kar ka buɗe ido."

Bututun ya hau tsirkiya. Masu kaurin suka ɗauke shi cak, ba su lotsa ba, babu ƙwas ko ɗaya. Muryar ta fito cike, ta taso a hankali, ta ratsa filin nan tana ja, har wani mai wucewa ya rage tafiya ya leƙo. Tawada ya tsayar da ita inda zuciyarsa ta kwanta, ya ɗan girgiza yatsa. Ya sauko, ya sake hawa wani wuri, ya sake tsayawa.

"Buɗe ido."

Dalma ya juyo masa da na'urar. Koren haske ne, tsaye cak a tsakiya.

"Duk haka suka yi ta yi. Har na fara jin haushi."

Tawada ya yi dariyar da rabonsa da ita tun ran da ya ɗaura tsirkiyoyin. Ya sunkuya ya ci gaba da zamiya, sama da ƙasa, kamar yaron da aka ba sabon keke. Dalma ya tashi ya zagaya ta hagunsa zai rataye filaya a bango. Jim kaɗan sai ga shi ya dawo gabansa, ya tsuguna, ya dafa tsirkiyoyin suka yi shiru.

"Me na ce yanzu?"

Tawada ya dube shi. Bai ma san an yi magana ba.

"Ban ji ba."

"Na sani. Sunanka na kira, da ƙarfi kuwa. Yaya, kunnenka bai manta aikinsa ba, ka gani da idonka. Amma na hagun nan ya rage ɗauka, kuma ba yau ya fara ba. Ba ka lura yayata ta mayar da kujerarta damanka ba? Yara in suna son abu a wurinka ta dama suke zuwa, in za su faɗi laifinsu kuma su bi ta hagu."

"'Yan banza! Shi ya sa kwana biyu na ga ba mai laifi a gidan."

"Kowa ya sani. Kai kaɗai aka bari, don ba wanda ya san ta inda zai fara."

Tawada ya tuna da wurin aiki. Ta hagunsa motar da ke juya injin take ruri in ya tsaya dama tawada. Ya kai baƙin yatsansa ya taɓa kunnen, ya toshe shi, ya buɗe, ya toshe na daman, ya saurari titi. Ƙarar motoci tana nan, amma kamar daga bayan bargo.

"To shi me ke cikinsa?" ya ce. "Me ke gajiya? Shi ma akwai sifirin ne?"

"Wannan dai ba a kai masa sukuddireba, na roƙe ka. Akwai masu duba shi a asibiti. Za su sa ka a wani ɗaki shiru, su ɗora maka abin ji a kai, su riƙa sako ƙara siririya da mai kauri, in ka ji ka ɗaga hannu."

"Siririya da mai kauri? Kowane kunne daban?"

"Daban."

"Suna barin mutum ya ga cikin na'urar?"

"Ka je ka tambaye su, su kore ka."

"Zan je. Ka gaya wa 'yar'uwarka ta raka ni, tunda ita ta riga ni sani."

"Kai za ka gaya mata. Ka bi ta damanta ko ta hagu, ita duk tana ji."

Dalma ya sake buɗe durowa, ya ɗauko wasu 'yan soso biyu masu launin lemo, irin waɗanda yake toshe kunne da su in zai gwada manyan sifiku. Ya nuna masa yadda ake murza su su tsuke kafin a tura.

"Duka biyun za ka sa in kana gaban injin. Abin da ya rage shi za ka tsare."

"To in na toshe da me zan ji takarda ta shiga biyu?"

"Ni na san injinka? Gwada ka gani."

Tawada ya juya soson a tafin hannunsa, ya matsa shi, ya kalli yadda yake kumburowa a hankali. Ya miƙe ya ɗora jitar a kan tawul. Dalma ya ce a bar ta a nan wuyan ya saba da nauyin, in ya lanƙwashe a gyara, kuma ba zai mayar da murfin ba sai mai ita ya zo.

"Kar ka taɓa mini sifirin."

"Tafi, Yaya, hutunka ya ƙare."

Gaskiya ne, ya ƙare. Akwai kwalayen sabulu da ya buga wa shuɗi da safe, suna jiran a buga musu ja. Ya fita ya bi gefen titi da sauri, yana murza soso ɗaya tsakanin yatsunsa, ya tura a kunne, ya karkata kai yana sauraron wata babbar mota da ke wucewa, sannan ya tsallaka ya nufi maɗaba'a.